Me ke sa faifan giranda fashewa ana tsakiyar aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon walda a Panteka, Kaduna, muna yin ƙofofi da tagogi, yara huɗu ne ke koyon aiki a hannuna. Cikin wata guda sau biyu faifan giranda, injin yanka da goge ƙarfe, yana fashe mana. Na biyun ya tsaga wa wani yarona kumatu har sai da aka yi masa ɗinki, Allah dai ya tsare idon. Abokan sana'a sun ce jabun faifai ne suka cika kasuwa. Haka ne, ko akwai inda muke kuskure? Ba zan ɓoye ba, mun daɗe da cire murfin bayan faifan saboda yana hana mu shiga lungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Jabu kam akwai shi, ba na musu. Sai dai maganarka ta ƙarshe ta fi damuna. Murfin nan ba ya hana faifai fashewa, aikinsa ya tare ɓaraguzan su nufi ƙasa maimakon fuskar mai riƙe da inji. Bakin faifai idan yana cikakken gudu yakan kai mita 80 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan kilomita 290 a awa. Abin da ya ɓalle da irin wannan gudu ba a kauce masa. A mayar da murfin yau, kafin a sake kunna injin. Maganar lungu kuwa, murfin yana juyawa, a sassauta shi a karkata shi a ɗaure. Inda ya ƙi shiga duk da haka, wurin ba na giranda ba ne, a sa zarto.

Yanzu ɗauko sabon faifai ka duba bayansa. Za ka ga lambar da ke nuna iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti ɗaya. Ƙaramin faifai mai inci huɗu da rabi iyakarsa 13,300, babba mai inci 9 kuwa wajen 6,600 ne. Ƙaramar giranda tana juyi kamar 11,000, kuma an rubuta nata a jikinta. Dole lambar faifai ta kai ta inji ko ta fi ta. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ramin tsakiyar duk ɗaya ne, milimita 22 da ɗan ɗoriya, don haka babban faifai yana zama daram a kan ƙaramin inji da zarar an cire murfi. Zama ya zauna, amma ƙarfin da ke neman yaga shi ya kusa ninka abin da aka yi shi dominsa sau uku. Na san dalilin da ake yi, babban ya fi kai wa cikin ƙarfe, ya kuma fi daɗewa. Kuɗin ɗinki ɗaya ya fi wannan rarar.

Abu na biyu da nake zargi a shagonka, tunda ƙofofi kuke yi, shi ne haɗa yanka da goga da faifai ɗaya. Na yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, bakinsa kaɗai aka yi don aiki, a tsaye yake shiga ƙarfe. Na goga ya kai milimita 6, shi ake ɗan kwantarwa a share walda da shi. Yaro ya gama yanka bututu, yana ƙyuyar canza faifai, sai ya kwantar da siririn ya goge baki. Gefen ya cinye zaren da ke riƙe da faifan, ba lalle ya fashe a ranar ba, gobe yana hannun wani sai ya tarwatse. Haka nan idan ba a tallafi ƙarfen da ake yanka da kyau ba, tsagar ta rufe ta cije faifai, injin ya yi tutsu ya dawo kan mai shi. A ɗaure aiki da kyau, a bar ɓangaren da zai faɗi ya faɗi waje, a riƙe inji da hannu biyu da mariƙinsa na gefe, kada a danna, nauyin injin ya isa.

Mutane da yawa ba su san faifai yana tsufa ba. Ƙaron da ya haɗa shi yana lalacewa, danshi kuma yana gaggauta hakan. Masu yin na kirki suna buga wata da shekarar ƙarewarsa a kan zoben ƙarfen tsakiya, yawanci shekara 3 daga ranar da aka yi shi. Wanda ya kwana a ƙasan shago da damina, ko ya faɗi daga kan benci, ko bakinsa ya ɓantare, a karya shi a zubar don kada wani ya tsinta. Nan ne kuma za ka gane jabun da ake faɗa: faifan da ba shi da lambar juyi, ba kwanan wata, ba alamar EN 12413 (lambar ƙa'idar ingancin faifai ta Turai), ka bar wa mai shi kayansa komai araharsa. Idan an ɗaura sabo, a ɗaure notin da sifanarsa, ba da guduma da kurfi ba, a kunna shi ya yi kamar rabin minti yana juyi a banza, ba kowa a saitinsa. In ya yi rawa a kashe.

Kula da injin kansa ba shi da wuya. A hure ƙurar ƙarfe daga ramukan iska, a duba kabon, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin injin, kafin ya cinye ya ɓata kwayil, a canza wayar da ta sale maimakon naɗe ta da leda. Kan inji idan ya fara ƙara ko sandar tana lilo, boris ɗin da sandar ke juyawa a kai ne ya lalace, kuma boris mai lilo shi ma yana fasa faifai.

Gilashin ido kaɗai ba zai tsare kumatu ba, ka saya musu garkuwar fuska ta roba mai rufewa har haɓa, su sa a kan gilashin. Riga mai faɗin hannu a tuɓe ta, jarkar man janareta kuma a fitar da ita daga inda tartsatsi ke zuba.

Saura ɗaya da ya shafe mu musamman, ɗauke wuta. Yawancin girandojin da ke hannun masu walda makunninsu yana maƙalewa a kunne. An ɗauke wuta, yaro ya ajiye inji a ƙasa ya tafi shan ruwa, an tada janareta, inji ya tashi da kansa yana tsalle tsakanin ƙafafun mutane. Akwai sababbi da ba sa tashi sai an kashe an sake kunnawa, in za ka sayi wani ka nemi irinsu. Kafin nan ka kafa wa yaranka doka: wuta na ɗaukewa a kashe makunni a zare filogi, haka ma duk lokacin da za a canza faifai.