Bikin Gion a Kiyoto: "Baba ya saba da rana" ba shiri ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da mahaifina za mu Japan a Yuli, bizarmu ta fito, kuma yana son ganin bikin gargajiya. Shekarunsa 67, yana shan maganin hawan jini. Mai shirya mana tafiya ya ce kada in damu, wanda ya sha zafin Sakkwato babu abin da ranar Japan za ta yi masa. Hankalina dai bai kwanta ba. Wane biki za mu, kuma yaya zan yi da Baba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Gara da hankalinki bai kwanta ba.

Tunda Yuli ne, zaɓinku biyu. Akwai Tenjin Matsuri na Osaka, 24 da 25 ga wata, da jerin jiragen ruwa a kogin Okawa da wasan wuta da dare. Akwai kuma Gion Matsuri na Kiyoto, wanda ya samo asali a shekarar 869 lokacin wata annoba, kuma shi nake ba ku shawara. Ana jan amalanken katako da ake kira yamaboko sau biyu: amalanke 23 ranar 17 ga wata, 11 kuma ranar 24. Manyansu sukan kai mita 25 a tsayi da tan 12 a nauyi, kuma da igiya ake ɗaure jikinsu, ba ƙusa. Ƙafafunsu ba sa karkata, don haka a kwana sai a shimfiɗa fasasshiyar gora, a kwara ruwa, majiya ƙarfi su fizgo amalanken ta gefe har ya juya. Wannan shi ne abin kallon. Bikin na wurin bautar Yasaka ne, amma daga bakin titi ake kallo, ba mai sa ku wata ibada.

Yanzu ga maganar mai shirya tafiyarku, wadda kullum sai an maimaita ta, kuma mai faɗinta ba ya nan ranar da za a kwashi mutum. Zafin Sakkwato na bazara busasshe ne: gumi ya fito, iska ta busar da shi, jiki ya huce. Kiyoto kuwa a kwari take, duwatsu sun kewaye ta ta gefe uku, kuma tsakiyar Yuli ƙarshen damunarsu ne. Iska cike take da danshi, gumi ya yi ta zuba bai bushe ba, mutum na tsaye kamar dambu a madambaci. Maki 35 a can ya fi 40 na gida wahalar da jiki. A Yulin 2018 zafi ya kai maki 39.8 a Kiyoto, har masu bikin suka soke jerin gwanon Hanagasa, na masu lemar furanni, na ranar 24. A lokacin zafin shekarar 2018 ɗin, mutum sama da 90,000 motar asibiti ta ɗauka a Japan saboda bugun zafi, kusan rabinsu tsofaffi. Galibinsu 'yan ƙasa ne, haifaffun wurin.

Kuma a Sakkwato wa ke tsayuwar awa uku a kan kwalta da rana tsaka? Baba inuwa yake nema. A nan cunkoso zai hana shi motsi. Ga shi tsoho ba ya jin ƙishi da wuri, wasu magungunan hawan jini kuma suna sa yawan fitsari. Ku ga likitansa kafin tafiya, ku tambaye shi yawan ruwan da zai sha da batun ruwan gishiri da sukari irin OS-1 da ake sayarwa a kemis ɗinsu. Kada ya ajiye magani da kansa don wani ya faɗa a WhatsApp.

Ku zaɓi ranar 24, mutane sun fi ƙaranci. In 17 ce, jerin kan tashi ƙarfe 9 na safe daga Shijo-Karasuma. Ku sayi kujera a titin Oike tun da wuri, amma yawancinsu a rana suke, sai da hula mai faɗi da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Ya riƙa kurɓar ruwa duk minti 20, ko bai ji ƙishi ba. Awa ɗaya ta isa, ku sauka kasuwar ƙarƙashin ƙasa ta Oike ku sha sanyi. Mafi sauƙi ma dararen Yoiyama, 21 zuwa 23, lokacin amalanken na tsaye a unguwanni an kunna musu fitilu. Abincin rumfuna ku yi hattara, soyayyiyar taliyarsu yakisoba galibi da naman alade ne.

In ya ce jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, ku shiga wuri mai sanyi nan take, ki sassauta masa riga, ki sa masa gorar ruwa mai sanyi a wuya da hammata da matsematsi. In ya fara sambatu ko ya kasa riƙe gora ya sha da kansa, kada ki ɗura masa ruwa, ki kira 119, lambar motar asibiti. Kuɗin asibiti a kan baƙo yake, saboda haka ku yi inshorar tafiya wadda ta rubuta hawan jininsa ƙarara, ki riƙe sunayen magungunansa a takarda cikin jakarki.