Anti, tumatirina ya ƙi 'ya'ya, ga kuma buhun ƙyallaye

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Da aka ba yara dogon hutu na ce bari mu samu abin yi kar su wuni kan waya, sai na matse wani tumatir da na siyo a kasuwa muka shuka irin a bokitai huɗu a tsakar gida. Ya fito kore shar har ya yi fure, amma furen sai zubewa yake, ganyen ƙasa duk ya yi ɗorawa da ɗigo-ɗigo baƙi. Sannan telata ta tara min ƙyallayen atamfa buhu guda, ina so ni da 'yan matana mu haɗa abin rufa da su amma ban san ta ina zan fara ba. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, wallahi kin burge ni, kuma kar ki karaya, ba hannunki ba ne, lokacin ne. Tumatir ba ya shiri da damina. Shi ya sa kike ganin kwando na tsada idan ruwa ya sauka, manoman Kadawa da Kura da ke ban ruwa daga dam ɗin Tiga da rani suke samun shi da yawa, lokacin hunturu. Yanzu kuwa laima ta yi yawa, ruwan sama ya bugi ƙasa ya fantsama wa ganyen ƙasa, daga nan wannan ɗigo-ɗigon ke kama shi ya dinga hawa sama.

Fara ɗaga bokitan ki duba gindinsu, ina kyautata zaton ba ki huda su ba, to saiwar tana zaune cikin ruwa ne tana ruɓewa. Ki ɗora ƙusa a wuta ki yi huji biyar ko shida, ki ɗora kowane bokiti kan bulo, ki matsar da su inda rana ke samu kamar awa 6 amma mamakon ruwa ba ya dukansu kai tsaye, bakin baranda misali. Ganyen da ya kamu ki tsinke ki kai shi bola, kar ki bar shi a gindin. Ki kafa kara ki ɗaure shukar da tsumma ta tashi daga ƙasa, ban ruwa kuma a gindi kawai, banda kan ganye.

Zubewar fure, in kin zuba takin yuriya ko ɗanyen kashin kaji ki dakata haka nan, ganye zai yi ta yi ba 'ya'ya. Kuma da hantsi ki sa yaran su ɗan girgiza karan a hankali, furen tumatir da kansa yake barbarar kansa, laima ce ke sa garin furen ya manne. In kin ga wani farin tabo mai faɗi cikin ganye kamar an ƙwaƙule cikinsa, tsutsar nan ce da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016, tsinke ganyen nan take.

Shawarata dai ki lallaɓa waɗannan huɗun, amma shukar gaske ki bari sai Oktoba ruwa ya ɗauke, ki sayi irin fakiti, Roma VF ko UC82B, don na kasuwa wani aure ne ba lallai ya haifo irin uwarsa ba. Sati uku zuwa huɗu a reno, sai dashe, bayan kamar wata biyu da rabi kin fara tsinka.

Ƙyallayen nan kuwa su ne aikin hutun nan, ana ruwa kuna ɗaki. Ki fara wanke su daban-daban saboda wata atamfar na zuba, kuma wata na shiga in ta sha ruwa, sai a goge. Ki yanka kwali mai kusurwa huɗu inci 5 kowane gefe, yara su ɗora su zana da alli ke ki yanka. Kar ki haɗa atamfa da leshi ko yadi mai santsi, ɗinkin zai tattare. Ku baje su a kan tabarma tukuna, mai duhu kusa da mai haske, ki bar 'yan matan su yi ta musu kan wanne zai zauna ina, nan daɗin yake wallahi, wata ma za ta gane guntun ankon bikin gwaggonta a ciki.

Ɗinka su layi-layi, sannan ki haɗa layukan, ki samu tsohon bargo mara nauyi ki sa a tsakiya da zanen gado a ƙasa, ki kama ukun da fil ki bi da ɗinki daga tsakiya zuwa baki. Ko ba keke zare da allura ya isa. Amma dan Allah kar ku fara da na babban gado, ku fara da na goyo ko rigar filo, wanda za su gama cikin sati su ga abinsu.