Biskit ɗin kare daga YouTube: awo, zafin obin, da abin da za a duba a kwalba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da kare mai gadi, yara sun shaƙu da shi sosai. Ina so in riƙa gasa masa ɗan biskit da kaina, amma duk bidiyon da na buɗe a YouTube na Amurkawa ne. Sai in ji ana cewa 350 F da kofi biyu na fulawa, ga saurin magana. Yaya zan gane awon da wayata? Kuma da gaske akwai manhajar da ke auna zafin obin? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Batun awo mai sauƙi ne. Amurkawa da ma'aunin Faranhait suke aiki, mu kuma da Salsiyas. Ki rubuta "350 F to C" a Google, zai ba ki kusan 177, masu girki kan mayar da shi 180. In babu data, ki buɗe kalkuleta: cire 32, ninka da 5, raba da 9. Kofinsu kuma kusan mililita 240 ne, wato fulawa wajen giram 120 zuwa 125.

Saurin magana kuwa, ki taɓa alamar saiti a kan bidiyon ki rage gudunsa zuwa 0.75, sannan ki danna CC rubutu ya fito. Galibi ana jera kayan haɗi a ƙarƙashin bidiyo, sai ki ɗauki hoton fuskar wayar ki huta da ƙona data.

Manhajar auna zafi kada ki ɓata lokacinki. Yawancin wayoyi ba su da na'urar jin zafin waje, na batirinsu kawai suke sani, kuma kusantar da waya ga wuta lalata batir yake yi. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi na obin. In a tukunya da yashi kike gashi, agogon ƙirga mintuna na wayar ya wadatar, ki riƙa leƙawa.

Inda nake so ki tsaya da kyau shi ne kayan haɗin, domin yawan masu kallon bidiyo ba ya nuna mai shi ya san lafiyar dabbobi. Haka su ChatGPT, suna iya tsara miki girki mai kyan gani da kuskure a ciki. Sau da yawa irin wannan biskit da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba ake yi, kuma wasu kamfanoni na zuba mata abin zaƙi mai suna xylitol, a wasu kwalaben E967 ake rubutawa. Mutum zai ci lafiya, amma kare sukarin jininsa ke faɗuwa cikin ɗan lokaci, har hanta ta iya lalacewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansa. Ki ɗauki hoton bayan kwalbar, ki buɗa shi da yatsu biyu, ki nemi kalmar da idonki. A nan ban yarda a dogara da fassarar Google Translate ba, duk da tana da Hausa tun 2013, don sunayen sinadarai kan rikice mata. Ni da za ki bi tawa, ki soya gyaɗa ki niƙa da kanki, ba gishiri ba sukari.

Cakulan, inabi da zabibi ma guba ne gare shi. Sai albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a raba girkinmu da su: suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗanye ne ko dafaffe, don haka kada ki kwaɓa fulawar da romon miya. Goro ma a ajiye shi nesa. Duk abin da kike shakka, ki duba shafin ASPCA, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Amurka, suna da jerin abincin da ke cutar da karnuka.

Biskit ɗin kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa a rana. Ki adana lambar likitan dabbobi a wayarki tun yanzu. In ya haɗiyi wani abu daga cikin waɗannan, kada ki jira ya fara amai ko layi, ki kira nan take, ki tura masa hoton kwalbar ta WhatsApp kina hanya.