Amsa ga mai 504 Coupé: ka ɓoye makullin tukuna

Assalamu alaikum ƴan zaure. Ɗan'uwa mai Peugeot 504 Coupé, na karanta tambayarka har sau biyu, kuma wallahi raina ya sosu, don ciwon nan na san shi. Ka ce ta 1972 ce mai injin lita 2 na anjaksiyon (wanda famfo ke fesa wa esansi, ba karbirata ba), ta shekara tara a ajiye a wani gida cikin Birni, an sa mata batir ta tashi, amma ko hanyar Mirya ba ka hau ba allurar zafi ta shiga ja, ga baƙin hayaƙi. Makaniki ya ce a cire kalorsta (ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyata in injin ya ɗau zafi), a yar da famfon anjaksiyon a sa karbirata, mai fenti kuma yana jiran kafin alƙalami. Kana tambaya ta ina za ka fara.

Ka fara da zare makullin ka sa a aljihu. Kada kowa ya sake tayar da ita, ko da don a ji ƙararta ne. Tashin farkon ma bai kamata a yi shi haka ba. Injin da ya shekara tara bai juya ba, cire buji ake yi duka huɗun, a zuba mai cokali ɗaya ko biyu a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku, a juya da hannu ta kan goron fulin gaba zagaye biyu cikakku, a canza mai da filta, sannan a buga sitata ba buji har sai fitilar mai ta mutu. To, aikin gama ya gama. Abin da za ka yi yanzu, ka zaro sandar awon mai ka duba da kyau a rana, ka kuma buɗe murfin da ake zuba mai ka dubi cikinsa. In man baƙi ne kawai, da sauƙi. In yana warin esansi kuma ya wuce layin sama, famfo na zuba fiye da kima. In kuwa ka ga ya koma kamar shayi da madara, ko wani fari-fari mai yauƙi ya manne a murfin, to ruwa ya gauraya da mai.

A nan ne nake so ka saurare ni, don nan aka kashe tawa, kuma ba zafin ne ya kashe ta ba, hannun mutum ne. Injin nan gangar jikinsa ƙarfe ce, kulas ɗinsa, wato kan injin, alminiyum, kuma ramukan fistan ba a jikin gangar aka huda su ba, shamis ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa na zagaye da su. Abin da ke danne su a mazauninsu shi ne kulas. Da an ɗaga kulas, ba abin da ke riƙe da su. Sai yaron garaji ya zo ya kama fuli ya juya injin wai zai goge kan fistan, fistan ya taso ya ɗago shamis da shi, ko da kaurin farce ne, abin da ya toshe gindinsa ya tsage. Ba wanda zai gani. A sa sabon jowan (shimfiɗar da ke toshe tsakanin kulas da gangar), a ɗaure, a karɓi kuɗi, a yi maka Allah ya kiyaye hanya. Bayan kwana uku ruwan radiyata yana raguwa, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa, ka zaro sanda ka ga kunu. Ka koma wurinsu su ce jowan ɗin da ka sayo ne jabu. Ka sayo wani, su sake buɗewa, su sake juya injin a gabanka kai ba ka san abin da ke faruwa ba. Abin da ya fi ƙona rai, mutum ya ɓata maka abu kuma ya ɗora maka laifin, har yana ce maka tsohuwar mota ai sai haƙuri. Ruwan nan kuwa yana cin kusine (ƴan ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu) a hankali, sai ranar da ka ji injin na ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa. Allah ya isa kawai. Saboda haka in ta kama a buɗe kulas, ka tsaya a kai da kanka. Ba a fizgo shi sama, girgiza shi ake yi gefe da gefe har ya saki. Yana fita a danne shamis da manyan wosha da kusoshi kafin a taɓa komai. A kai kulas a auna shi da ƙarfen awo a ga ko ya lanƙwashe, a auna yadda bakin shamis ya ɗan tashi sama da gangar, a ɗaure kusoshi da makullin awo bisa tsarin littafin gyaran motar, daga tsakiya zuwa waje, a kuma sake ɗaurewa bayan kilomita 1000 injin na sanyi. Duk wanda ya ce hannunsa ya san ƙarfin ɗauri, ka ɗauke motarka.

Amma kada ka yarda a buɗe kafin a gwada kwamfaresho, wato ƙarfin matsin kowace silinda. Silinda huɗun su zo kusa da juna, kada bambancin ya wuce wajen bar ɗaya a ma'aunin matsi. In biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, jowan ya ƙone a tsakaninsu.

Batun kalorsta, kada ka yarda a cire. Ni ban san wanda ya koya wa garejin garin nan cewa wai na ƙasar sanyi ne ba. A taka motar ma ɓarnar ninki biyu ce, don famfon anjaksiyon ɗinta, ƙirar Kugelfischer, yana da wani ɗan abu da ruwan injin ke ɗumamawa, shi ke gaya masa injin ya yi ɗumi a rage esansi. In ruwan bai kai zafinsa ba, ko ƴan tiyon da ke kai masa ruwa sun toshe da tsatsa, famfo zai ci gaba da zubawa kamar asubar hunturu. Ga baƙin hayaƙinka nan, ga buji na yin baƙi, ga esansi na wanke man jikin shamis yana gangarawa ƙasa. Ka ciro kalorsta ka jefa shi a butar shayi a kan wuta. An rubuta zafin da yake buɗewa a jikinsa. In ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarsa lau. In bai motsa ba ka sayi sabo, ba tsada.

Zafin da kake gani, ka nemi dalilinsa a radiyata da fanka. Shekara da shekaru ana ɗura mata ruwan rijiya da na burtsatse, farin dutse ya toshe rabin hanyoyin. Feshin ruwa daga sama ba ya fitar da shi, sai mai radiyata ya buɗe kai ya zura ƙarfe hanya-hanya. Fankar 504 kuma ba kullum take kama ba, tana da maganaɗisu da ke jawo ta in ruwa ya yi zafi, ta hanyar wani ɗan makunni a jikin radiyata da ɗan gawayi mai kai wuta. Ka haɗa wayoyin makunnin biyu, makulli na buɗe injin na kashe, ka saurara: in ka ji ƙas, fanka ta kama, makunnin ne ya mutu. In shiru, ka dubi gawayin da fiyus. Wasu na ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum, kuma a zafin Afrilu da Mayu na Damagaram ban ga laifin haka ba a matsayin wucin gadi. Tiyo duka a canza, ko da sun yi kyau a ido, har da na hita da kowa ke mantawa. Murfin radiyata sabo, mai lamba ɗaya da tsohon. Tana shan kusan lita 8, ka zuba ruwan jarka mai launi, kada ka sake sa na famfo. Kuma don Allah in ta yi zafi a hanya kada ka kwara mata ruwan sanyi, haka alminiyum ke lanƙwashewa.

Famfon anjaksiyon kuwa, wanda ya ce ka yar, ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinsa. Shi ne rabin darajar motar. Kuma canjin ba na ɗora karbirata ba ne kawai, kulas ɗin ma ba iri ɗaya ba ne da na 504 ta haya. Yawanci ba famfon ke da laifi ba, dattin da ake aika masa ne. A sauke tanki a zubar da tsohon esansin da ya koma kamar ƙaro, a wanke, a duba tsatsa da tocila. Sabuwar filta, sabbin tiyon esansi masu jure matsi, don famfon lantarki ne ke turo shi, tsohon tiyo in ya tsage feshi yake yi, injin na da zafi, sai dai labari. Ka ajiye abin kashe gobara a motar tun yau. Famfon yana da nasa mai a ciki, a duba. Bel mai haƙora ne ke juya shi a cikin murfin gaba, bayan shekara tara ban yarda da shi ba. Anjektoci huɗun ka kai wa masu gyaran famfon gazuwal su gwada feshinsu, suna buɗewa a wajen bar 30, kada ka sa hannu a gaban feshin. Amma kusoshin saitin famfon, kada kowa ya sa musu sukudireba. Ruwa-ruwa, esansin kwalba na bakin titi, kuma ka rabu da shi. Ga matatar SORAZ a bakin ƙofarmu tun 2011, ka sha a gidan mai. In duk an yi wannan abu ya gagara, gara ka sayi injin 504 na karbirata sukutum ka ɗora, ka naɗe na asalin ka ajiye a ɗaki. Kada ka bar ko wosha a garaji, kafin sati an sayar wa ƴan gwangwan.

Sauran saitin kaɗan ne. Tazarar bawul injin na sanyi, a milimita, na shiga 0.10, na fita 0.25. Bakin filatin (mai yanke wutar bobin) 0.40, bakin buji 0.6. Tsarin wuta 1-3-4-2, amma silinda ta ɗaya ita ce ta baya wajen bwat (akwatin giya), ba ta gaba ba. Nan ake rikita wayoyi a yi ta zargin bobin. Man inji wajen lita 4, 20W50 ya fi dacewa da zafinmu. Bwat ɗin man inji take sha, fon na baya (mai raba juyi wa tayoyin baya) shi ne mai 80W90. Filtar iska a hunturu ka riƙa dubawa duk sati.

Na manta ban tambaye ka ba, motar nan ta gado ce? Shekara tara a cikin gida galibi haka ne. Kafin ka kashe ko dala, ka gwada lambar shasi da ta katgiriz (takardar rajistar motar) harafi-harafi, ka tabbata duk magada sun yarda, a rubuta da shaidu. Ranar da ta yi kyau ta fito titi, ranar ce wani zai tuna ta babansa ce.

Birki kafin ka sake hawa kwalta. Birkin faranti ne ƙafa huɗu. Man birki yana shan danshi, na shekara tara ya riga ya cinye cikin metir silinda (babban famfon birki), a zubar duka a sa DOT 4, a sake kowace shekara biyu. Tiyon roba na ƙafafu kumbura suke yi ta ciki, mai ya tafi ya kasa dawowa, ƙafa ta riƙe ta yi zafi. Fistan birkin baya yana haɗe da birkin hannu, sai an ɗan juya shi yake komawa, masu danna shi da ƙarfen taya su ke karya shi. Tayoyi ka karanta lamba huɗun ƙarshe, sati da shekara ne. Ko zanensu bai goge ba, sun tsufa.

Kayan inji da na ƙafa ba za su ba ka wuya sosai ba, tunda an daɗe ana haɗa 504 a Kaduna daga 1975 kafin a daina, Ƙofar Ruwa a Kano kuma ba nisa. Ka tafi da tsohon a hannu, don can bujinmu fulogi ne, jowan gaskit, shamis silif. Jiki ne matsalar. Kamfanin Pininfarina ne ya zana ta kuma ya ƙera jikin a Italiya, an fito da ita 1969 aka daina 1983, ta fi ta haya gajarta da santimita 19 tsakanin ƙafafu, kuma ko ƙofa ɗaya ba sa musaya. Irinta mai V6 ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, in masu ce mata taksi sun dame ka. Gilashin gaba, fitilun gaba huɗu, na baya masu layi uku a karkace, ƙarafan ado, waɗannan in sun fashe sai daga Faransa. Ka kwance su da hannunka ka naɗe a tsumma kafin ta kwana a garajin kowa.

Mai fenti ka ba shi haƙuri, shi ne na ƙarshe. Ka ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi da gindin gilashi. Inda ya ƙi kamawa mastik (abin cike ramin jikin mota) ne aka cusa. Ka ɗaga kafet, ka dubi ƙasan but da saman amotisa na gaba. Ƙasarmu busasshiya ce, amma in ta yi ƙuruciyarta a Turai gishirin titi ya riga ya shiga. Tsatsa yanke ta ake yi a ɗinka sabon ƙarfe. Wadda aka shafe da mastik, damina ɗaya za ta kumburo.

Ka turo mana hoton sandar mai, da na cikin murfin, da na buji huɗun a jere yadda ka ciro su daga baya zuwa gaba. Ka haɗa da lambar da ke jikin injin, don ina so in tabbata na anjaksiyon na asali ne ba a taɓa canza masa ganga ba.