Amsa kan gyaran tsohon babur na soja, BSA M20

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka game da babur ɗin da ka tarar a ɗakin ajiyar marigayi kakanka a Tudun Wada, Allah ya jiƙansa, wanda ka ce lambar da ke jikin ƙarfensa ta fara da WM20, da kuma shawarar da bakanike ya ba ka ta a cire masa maganeto, wato na'urar da ke ba filogi tartsatsi, a sa kwayil na baburan yanzu. Ina roƙonka da ka dakata tukuna. Na yi shekara uku ina fama da irinsa kafin ya hau titi, kuma yawancin asarar da na yi gaggawa ce ta jawo ta.

Wannan lamba tana nuna cewa BSA M20 ne da aka ƙera wa sojojin Birtaniya a Birmingham, kuma an yi fiye da guda 120,000 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1939 da 1945. Silinda ɗaya gare shi mai cc 496, bawul ɗinsa a gefe suke, ƙarfinsa bai wuce na doki 13 ba. An yi shi ne don juriya, saboda haka da wuya a tarar da injinsa ya mutu murus.

Abin da ya fi kashe waɗannan babura a wajenmu shi ne noti da sifana. Zaren notinsa ba na milimita ba ne kamar na Jincheng ko Bajaj. Yawancinsu zare 26 ne a kowane inci, kuma sifanar Whitworth, wato ta tsohon ma'aunin Birtaniya, ce kaɗai ke kama kansu daidai. Ni ban san haka ba da farko, sai wani yaron gareji ya ɗaure mini kusar zamani a jikin injin da ƙarfin tsiya, ta cinye zaren alminiyon gaba ɗaya, har sai da na kai wa masu injin tona a Panteka suka zuba wani ƙarfe suka sake yanka zare. Har yau abin yana yi mini ciwo. Duk notin da ka kwance, ko tsatsa ta cinye shi, ka jiƙa shi a kananzir ka adana a leda da rubutun inda ya fito, domin shi ne samfurin da mai tona zai duba ya yanka maka sabo.

Kada ka taka kik yanzu. Ka cire filogi, ka zuba ɗan baƙin mai da kananzir ta ramin, ka bar shi kwana uku ko huɗu kafin ka juya injin a hankali. Tankin baƙin mansa daban yake, kuma idan ya daɗe a ajiye man yakan tsiyaye zuwa ƙasan injin, don haka sai an zubar da shi. Ranar da ya tashi, ka buɗe murfin tankin nan take ka ga ko mai yana dawowa. Idan bai dawo ba ka kashe injin.

Game da maganeto, na kamfanin Lucas ne, haɗe da dinamo mai ƙarfin lantarki bolt 6 (6V) wanda ke ba fitilu wuta. Shi maganeton ba ya buƙatar batir kafin ya ba da tartsatsi, kuma wannan ne darajarsa. Idan babur yana tashi da sanyi amma ya ƙi tashi bayan ya yi zafi, galibi kwandensa ce ta tsufa, kuma a cikin naɗin waya take, sai an sake naɗin a canja ta. Aikin yana da tsada, amma ya fi cire maganeton.

Kafin sanfefa ta taɓa tankin fetur, ka ɗauki hotonsa, domin sojoji sukan rubuta lamba mai farawa da harafin C a gefensa, kuma fentin da ke can ƙasa shi zai nuna maka launin asali.

Idan lokacin hawa ya yi, ka tuna cewa giya tana ƙafar dama, birkin baya yana hagu, saɓanin abin da ƙafarka ta saba, saboda haka ka fara gwada shi a fili, ba a titin Ahmadu Bello ba. Ka turo mini hoton lambar injin da ta kafireto, in duba ko kafireton na kamfanin Amal ne na asali.