Kafin ka sayi hita, fara da maganin laima

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka sayi jirgin ruwa na fayiba mai tsawon mita 10, an fito da shi tudu, kana so ka gyara shi a wannan hunturun don kai da iyalinka ku tare a ciki, kana kuma tambayar wace hita ce ta fi. Allah ya sanya alheri. Na daɗe ina zaune a jirgi a inda ruwa ke daskarewa, kuma shawarata ita ce ka jingine maganar hita tukuna. Laima ce ke korar mutane daga jirgi. Sanyi kam, da bargo da rigar sanyi ana iyawa da shi.

Ga yadda abin yake. Jikin jirgi siriri ne, kuma sanyin waje na ratsa shi kai tsaye. Ku kuwa a ciki kuna numfashi, kuna girki, kuna shanya tawul. Duk wannan tururin yana yawo cikin iska mai ɗumi, da ya taɓa bango mai sanyi sai ya koma ruwa. Da asuba za ka ga rufi na ɗiga, firam ɗin tagogi na zufa, musamman na alminiyam. Wanda ba ka gani shi ya fi ɓarna: bayan kabad, ƙarƙashin katifa, cikin lokar tufafi. Can fumfuna ke kafa gida, kuma idan warinta ya kama soso da labule, sai dai a zubar.

Don haka aikin farko tun jirgin yana fanko shi ne neman yoyo. Ranar da ake ruwan sama ka shiga ciki da tocila, ka bi kowace taga, kowace ƙusa da ta huda saman jirgin, gindin kowane ƙarfe. Inda ka ga ɗigo, ka kwance abin gaba ɗaya ka sake ɗaure shi da sabon gam. Shafa silikon a kai daga waje yaudarar kai ce, bayan wata biyu zai dawo. Sai bayan ka toshe yoyo za ka liƙa abin tare sanyi, don idan ka liƙa shi a kan wurin da ke yoyo ka ɓoye wa kanka matsalar ne kawai.

Abin tare sanyin kuma ya zama soson roba mai rufaffen ƙwayoyi, irin su Armaflex, wanda ba ya shan ruwa. Audugar gilashi da ake sa wa rufin gida ba ta jirgi ba ce, tana tsotse danshi ta riƙe. Ka manna soson ya kama bango sosai, kada ka bar ko ɗan sarari a bayansa, domin duk inda iska ta samu hanya raɓa za ta taru. Na fi ba da ƙarfi ga rufi da bangon da ke sama da layin ruwa, wato inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Ƙasan layin ruwa da sauƙi, tunda a tsakiyar hunturu ruwan teku ya kan fi iska ɗumi. Katifa kuwa ka ɗaga ta a kan siraran katakai iska ta riƙa wucewa ta ƙasa.

Sai maganar da mutane ba sa son ji: dole ka bar iska na shiga tana fita ko da sanyi ya kai ina. Ƙaramar kafa a gaba, wata a baya, a buɗe dare da rana. Wanda ya toshe ko'ina don ɗumi ya tsaya, da safe zai tarar da bargonsa a jiƙe.

To yanzu ga hita. Duk wadda ke ƙona mai ta saki hayaƙinta a cikin ɗaki, kada ma ka kalle ta. Kilo 1 na gas ɗin furofen idan ya ƙone yana fitar da ruwa kusan lita 1.6, kenan kana ɗumama ɗaki kana kuma yi masa ban ruwa. Ga kuma kabon monoksaid, iskar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe mutane cikin barci, ba launi ba wari. Abin da nake amfani da shi shi ne hitar dizal mai hura iska, irin ta Webasto ko Eberspächer, wadda wutarta ke a rufe kuma salansarta ke fita waje. Ɗuminta busasshe ne. Amma tana cin batir, kuma salansar tana zafi ƙwarai, sai an naɗe ta an nisanta ta da waya da tiyo. Murhun itace mai bututun hayaƙi ma yana da kyau idan akwai wuri. Ko wace ka zaɓa, ka sa ƙararrawar kabon monoksaid kusa da inda kuke kwana, da ta hayaƙi, da abin kashe gobara inda hannu ke kaiwa.

Idan a tashar da za ka ɗaure akwai lantarki, na'urar tsotse danshi za ta taimaka, amma ka nemi mai garin shanye ruwa a ciki. Mai kwamfireso ba ta wani abin kirki idan ɗaki ya yi sanyi. Ka kuma tuna soket mai amfiya 16 a wuta mai bolt 230 bai wuce kilowat 3.6 da 'yan kai ba. Hita da butar lantarki tare, sai ka ji fis ya tsinke. Kan fulogin wayar ka riƙa taɓa shi lokaci-lokaci, in ya yi zafi ko ya yi baƙi, canza shi nan take.

Gas ɗin girki: butan ba ya tashi idan sanyi ya kai digiri 0, furofen kuwa sai wajen 42 ƙasa da sifili. Dukkansu sun fi iska nauyi, in sun zurare can ƙasan jirgi suke kwanciya, saboda haka tukunyar ta zauna a akwatinta mai mafita zuwa waje.

Tunda jirgin na tudu kuma ba kowa a ciki, yau ɗin nan ka zubar da ruwan tanki da na bututu da na banɗaki. Ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, ya isa ya fasa famfo ko ya tsaga inji. Hanyar ruwan sanyaya inji ka cika ta da maganin hana daskarewa. A bututun ruwan sha, mai furofilin gilaikol kaɗai ake sawa, na mota guba ne. Tankin dizal a cike, don kada raɓa ta taru a ciki. Batirin dalma da cajinsa ya sauka yana iya daskarewa ya fashe, ka bar shi da caji. Na litiyam kuwa ba a yi masa caji ƙasa da digiri 0.

Ka yi amfani da damar nan ka duba duk famfunan da suka huda gindin jirgi, ka motsa su, ka sauya tiyon da ya bushe, ka sa maɗauri biyu-biyu. Wannan aikin a kan ruwa ba ya yiwuwa cikin kwanciyar hankali. Fenti da gam ɗin ifoksi dai ka bar su sai yanayi ya sassauta, yawancinsu ba sa kamawa yadda ya kamata ƙasa da digiri 10, kuma an rubuta iyakar a jikin gwangwani. In za ka lulluɓe jirgin da tamfol, ka yi masa firam mai gangara dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa, ka bar bakinsa biyu a buɗe.

Kafin ka biya kuɗin wurin ɗaurewa, ka tambaye su ko sun yarda a kwana a jirgi duk shekara, da ko suna rufe famfon ruwa a hunturu. Da yawa suna rufewa, sai ka tanadi jarkoki. Ka gaya mana wane inji ne a ciki da girman batiranka, sai mu ga hitar da za su iya ɗauka.