Tambaya da Amsa: Shirya Jinyar Ƙarshen Rayuwa Tun Mara Lafiya Yana Cikin Hayyacinsa

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da shekara 78, yana fama da ciwon zuciya, ƙodarsa kuma ta fara gazawa. A kwanciyarsa ta baya a asibiti an tambaye mu ko za a sa masa na'urar taimaka wa numfashi idan jiki ya tsananta, sai kanmu ya rabu, mu biyar, domin babu wanda ya san abin da shi yake so. Yanzu ya samu sauƙi, hankalinsa garau. Yaya zan tayar masa da maganar ba tare da ya ga kamar muna yi masa fatan mutuwa ba?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, Malama. Wannan sauƙin da ya samu shi ne lokacin maganar, saboda ciwon zuciya irin nasa yakan lafa sannan ya taso ba zato, kuma idan ƙoda ta gaza sosai, dattin da ke taruwa a jini yana iya rikita tunanin mutum har ya kasa faɗin abin da ke ransa.

Kada ki fara da ambaton na'urori. Ki tuna masa kwanciyarsa ta baya, ki ce: "Baba, ranar nan an yi mana tambaya game da kai, muka rasa amsa, kuma ba ma so mu yanke abin da ba ka yarda da shi ba." A iya abin da na gani, tsofaffi da yawa sun riga sun yi wannan tunani a zuci, 'ya'yansu ne suke tsoron ji. Ki bar shi ya faɗi abin da ya fi ba muhimmanci: ko ya fi son a ƙarasa jinyarsa a gida, ko yana so a gwada duk abin da likita zai iya, da kuma halin da idan ya shiga yake ganin ci gaba da magani ya zama wahala kawai. Idan yana son jin hukuncin addini kan wani abu, a kira masa malamin da ya amince da shi.

Bayan nan sai ku zauna da likitansa, ya yi masa bayanin kowane mataki da sakamakon da ake sa rai ga mai irin ciwonsa. Na'urar numfashi tana buƙatar a zura bututu a maƙogwaro, galibi tare da maganin barci, don haka ba zai iya magana ba. Wankin ƙoda yawanci sau uku ne a mako, kusan awa huɗu kowane zama, kuma yana wahalar da mai raunin zuciya. Danna ƙirji don farfaɗo da zuciyar da ta tsaya yana iya karya haƙarƙari, kuma ga tsoho mai cututtuka da yawa nasararsa kaɗan ce. Yana da damar karɓar wani ya ƙi wani, ko ya ce a gwada na 'yan kwanaki a gani. Ƙin wani mataki ba ya nufin a daina kula da shi: za a ci gaba da ba shi maganin zafin ciwo da na sarƙewar numfashi, irin su morfin. Wannan kuma dabam yake da gaggauta mutuwar mutum da gangan.

Abin da na fi jaddadawa shi ne ya zaɓi wakili ɗaya da bakinsa, a gabanku duka, wanda zai yi magana a madadinsa ranar da ya kasa. Ba dole sai babba ba, sai dai wanda zai iya faɗin ra'ayin Baba ko da ya saɓa wa nasa. Ga misalin abin da rashin yin haka ke jawowa: a Amurka, wata mata mai suna Terri Schiavo ta yanke jiki ta faɗi a 1990 tana da shekara 26, ƙwaƙwalwarta ta lalace, ba ta bar komai a rubuce ba, mijinta da iyayenta suka yi shekaru a kotu kan bututun ciyar da ita, har ta rasu a 2005.

Don haka a rubuta abin da ya faɗa, ya sa hannu da kwanan wata a gaban shaidu. Takardar ta sha bamban da wasiyyar dukiya, domin ita tana aiki ne tun yana raye. Ƙarfinta a shari'a ya danganta da ƙasa. A Ingila, alal misali, wata doka ta shekarar 2005 ta tanadi yi wa wakilin lafiya rajista, saboda haka ku tambayi asibitinsa ko lauya tsarin da ake bi a inda kuke. A ba likitansa kwafi a sa a fayil ɗinsa, wakilin ya riƙe ɗaya, sannan a sake karanta masa ita bayan kowace kwanciya a asibiti, domin yana da ikon canja ra'ayi muddin hankalinsa yana nan.